Mai Kwaɓa da Facin Tsohon Ƙashi

Shekara goma sha tara yana gini kafin ya faɗo daga kan tsani, gwiwa ta ce ta gama aiki. Wani maƙwabci ne ya samo masa wankin kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin ƙashi. Da likitar da ke riƙe da ɗakin ta ga yadda yake juya cokali, sai ta damƙa masa kwaɓin simintin ƙashi, garin nan da ake damawa da wani ruwa mai warin fenti a ɗura cikin ƙashin da tsufa ya rarake. Tun daga nan sunansa ya ɓata, kowa sai Mai Kwaɓa.

Shi ya kwaɓa, likita ta ɗura a ƙashin bayan tunkiya da aka riga aka rarake, a jera shi da ɗan'uwansa, a sa a injin matsa. Kullum labarin ɗaya ne: wanda aka ɗura wa yana nan daram, na kusa da shi ya ruguje. Su kuwa masu digirin da ke aiki a ɗakin, Allah ya ba su haƙuri, sai su ƙara wa simintin ƙarfi.

Abin yana cin ransa, don a gida akwai yayarsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta ranƙwafa ƙwarai, tari ma ya taɓa karya mata haƙarƙari. Ba abin da yake so a duniya irin ya gan ta a miƙe.

Yana da abin faɗi, amma wa ya aike shi, mutumin da sunansa ma da ƙyar yake rubutawa? Wata bakwai yana haɗiye maganar. Ranar da ƙashi ya sake fashewa, likita ta cire safar hannu ta yi tagumi, sai ya yi ta maza.

"Likita, in ba za a ce na yi shisshigi ba."

"Faɗi, Baba."

"Tsohon bango ba a yi masa faci da kwaɓi mai ƙarfi. Bango zai motsa, faci ba zai motsa ba, sai ya tsage a gefe. Mu yashi muke ƙarawa, har kwaɓin ya zo daidai da ƙarfin bangon."

Wani mai digiri ya ce to sai a aika a kawo tifar yashi. Aka yi dariya, banda likita.

"Na taɓa karanta haka, na ji tsoron ya yi laushi da yawa," in ji ta. "Hannunka zai gane daidai?"

"Hannun nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Gwiwa ce ta ci amanata."

A madadin yashi, likita ta kawo wani farin gari mai kama da abin da aka yi ƙashi da shi. Suka yi ta fama. Wani kwaɓin ya yi ruwa, wani ya daskare tun bai shiga allura ba. A kwaɓi na arba'in da uku injin ya matsa, ya ƙara matsawa, ƙasusuwan biyu suka ɗauki nauyin tare, ba wanda ya tsage.

Nan take ya tambaye ta yaushe za a yi wa yayarsa.

"Ba zan ɓoye maka ba, Baba. Sai an yi shekaru ana gwaji kafin a sa wa mutum. Biyar, ko fiye."

Da yamma ya zauna a bakin ƙofar ɗakin yayar tasa ya faɗa mata duka, har da shekarun, hawaye na zubo masa ba kunya. Ta yi dariya a hankali, tana dafe da gefen ƙirji.

"Kai dai ba ka girma. Ni ai na ci zamanina."

Sai ga babbar 'yarta ta shigo da ruwa, ta sunkuya ta ajiye, ta miƙe tana dafe ƙugu. Tsohuwar ta bi ta da kallo har ta fita.

"Ka gani? Ƙashina ta gado, ga ta da 'ya'ya mata uku. Share fuskarka, gobe ka yi sammakon zuwa aiki."