Shekarar da Baba Ya Kwance Zaurenmu

Gidanmu na Lambara kakan mahaifina ne ya gina shi. Ba wani babban gida ba ne: zaure, soron Baba, ɗakin Inna, rumbuna, sai rijiya a tsakar gida wadda rabin unguwa ke sha. A nan aka haifi Baba, a nan aka haife mu, ni da yayana.

Lokacin mulkin farar hula ina koyarwa a wata firamare a Bodinga, ni da matata muna zaman haya. Yayana kuwa ya samu shiga wurin 'yan siyasa, aka ba shi rabon takin zamani, hannunsa ya ɗan yi maiƙo. Ya sayi fili a Bodinga ya fara gidan bulo, da niyyar ya kwaso tsofaffinmu su huta da yaɓe duk shekara. Muka je tare muka durƙusa gaban Baba a zaure. Bai bari yayana ya kai ƙarshen magana ba.

"Nan anka haife ni, nan za a ɗauki gawata. Kada in sake jin zancen ga."

Inna ce ta raka mu har bakin ƙofa tana rage murya. "Ku dai ci gaba da lallashinai," in ji ta. Tun muna yara muke jin ƙorafinta a kan gidan nan: gara ta cinye mata tabarma, kunama a bayan randa, ga nisa da asibiti. Don haka muka ɗauka ita tamu ce, Baba ne kawai matsala.

Sai sojoji suka karɓi mulki. Harkar taki ta mutu, ginin yayana ya tsaya, ɗaki biyu kaɗai aka samu rufewa da kwano, saura suna kallon sama. A Bodinga sai ka yi layi a rana kafin ka samu sabulu ko sukari. Damina ta zo ta yi rowa, gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba. Masu albasa a fadama suka yi ta bin ruwa da haƙa har suka gaji. Zancen ƙaura ya fita ranmu gaba ɗaya, kowa na ta kansa.

Wata Asabar da rani na shiga mota zuwa Shagari, na ari keke wurin wani abokina na ƙarasa gida. Da hantsi na shiga unguwarmu. Tun daga nesa na ga ƙura na tashi a ƙofar gidanmu, ga mutane tsaitsaye. Na ce ko gobara ko rasuwa. Da na matso sai na ga zaurenmu babu rufi. An jera azara a ƙasa, an cire ƙyauren an jingine shi jikin dogon yaro. A can saman bango kuwa mutum ne tsugune da dagi a hannu, ya naɗe wando zuwa gwiwa, kansa fari fat da ƙasa. Sai da ya juyo na gane Baba ne.

Keken ya kuɓuce mini ya faɗi. Ban ma yi sallama ba.

"Baba, lafiya? Wa ya mutu?"

"Babu wanda yam mutu. Kama azarar ga ka aje can."

Na kama na ajiye. Maƙwabta suna kallona kamar ni zan yi musu bayani. Baba ya sauko ta tsani a hankali, ya karkaɗe rigarsa, ya ce in biyo shi. Ya kai ni bakin rijiya, ya ɗauki ɗan dutse ya saki. Muka ji ya faɗi tim, kamar a kan daɓe.

Ya ce ya sayar da shanun huɗarsa ya sa mahaƙa sun ƙara mata zurfi, ba su tarar da komai ba sai busasshen yashi. Wannan duk ya jure. Amma shekaranjiya wata tsohuwa, maƙwabciyarmu, ta shigo da tulunta kamar yadda ta saba tun tana amarya, shi da bakinsa ya ce mata ta koma.

"A gidan ubana anka maida mace da tulu wofi," ya ce. "Gidan ya ƙare. Azarar ga ta isa ta rufe ɗaki guda wurin yayanka. Jibi mota na zuwa."

Na tsaya ina dubansa. Mutumin da ya hana mu ko ambaton ƙaura, shi ne ya hau bango da kansa, bai nemi shawarar kowa ba, bai ko aika mana ba. Can dai na lallashi kaina cewa ai abin da muke nema ke nan, ko ba komai Inna za ta huta. Na nufi ɗakinta ina tsammanin in tarar ta ɗaure kaya.

Tana zaune bakin ƙofa tana tsince busasshen zogale a faifai. Jerenta na nan a bango, ko tasa ɗaya ba ta sauke ba. Na gaishe ta, na ce, "To Inna, Allah ya kawo mu. Mi za a fara ɗaurewa?"

"Ba ni zuwa."

Na yi dariya, na zaci wasa take. Ba ta ɗago ba.

"Inna, ba ke kika ce mu yi ta lallashinai ba?"

"Ina faɗi don na san ba shi tashi."

Ta ajiye faifan ta miƙe, ta zagaya bayan ɗakinta, na bi ta. Akwai wani ɗan lungu tsakanin ɗakin da katangar waje, wanda tun muna ƙanana aka hana mu shiga, wai akwai maciji. Ban taɓa taka wurin ba sai ranar. A share yake tas, ko tsinke babu. Jikin bango ga wasu duwatsu ƙanana an jera su wuri biyu.

"Yayyenka na," ta ce. "Mace da namiji. Ita ta kwana biyu duniya, shi ko suna ba a yi ba."

Na dafa bango. Ina da aure, ina koyar da 'ya'yan mutane, amma ban san mahaifiyata ta haifi wasu kafin yayana ba. Nan take na gane abin da ya sa take kiran sunansa gatsau, abin da mata ke yi mata tsiya a kai, suna cewa ba ta kunyar ɗan fari. Ashe ba shi ne na farin ba. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta gyara wani dutse da ya goce, ta ce mu koma, rana ta yi.

Bayan azahar suka yi maganar a gabana, abin da ban taɓa gani ba. Baba na tsaye, Inna na zaune ta ba shi gefe.

"Kin gwada mai?" ya tambaya.

"Na gwada mai."

"To, sun riga mu, Allah shi jiƙansu. Su ba su shan ruwa. Mu muna sha."

Na ji maganar har cikin ƙashina. Inna ta ce, "Na sani, Malam. Ni dai ba ni barinsu kango, awakin mutane na tattaka su. Ka tafi, ban hana ka ba."

Na ɗauka zuwa safiya ɗayansu zai sauko. Babu wanda ya sauko. Ranar Litinin akori-kura ta zo, aka loda azara da ƙyaure da buzun Baba da akwatinsa. Ya shiga gaba kusa da direba, bai waiwayi gidan ba. Inna ta ba ni ƙullin dakakken yaji ta ce in ba shi, don ba ya cin tuwo sai da shi.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika Lambara, har kasuwar Shagari an ce Baba ya saki Inna da tsufa. Yayana ya fusata, ya ce mu je mu ɗauko ta ko tana so ko ba ta so. Na gaya masa abin da na gani a lungu. Ya zauna a kan bulo, ya ce, "Ashe ni ba ni na babba ba." Bai sake zancen ɗauko ta da ƙarfi ba.

Haka muka shiga wani irin zama. Duk ƙarshen mako ina hanya. In na isa sai in ɗaura garwa biyu a keke in yi ta jigilar ruwa daga wata rijiya mai nisa har in cika wa Inna randuna. Unguwar tana ta raguwa, yau wannan gida ya tafi ci-rani, gobe wancan. Gidanmu ba zaure, daga titi kana hango tsakar gida, sai zana da na kafa mata. Ta rame, amma kullum lungun nan a share.

Baba kuma a Bodinga ya zama baƙo. Yana zama kan buzu a ƙofar gidan da ba a gama ba, masu wucewa ba su san ko shi wane ne ba. In na dawo ba ya ambatonta, sai dai ya ce, "Mutanen gida suna da ruwa?" Ita ma in na je sai ta ce, "Ƙafar tasa fa?" Matata ta taɓa tambayata wa nake ganin ya fi gaskiya a cikinsu. Na ce ban sani ba, har yau kuma ban sani ba.

Damina ta gaba ta yi kyau, gero ya yi. Na yi murna, na ce rijiya za ta kawo, Baba ya koma. Ruwan farko mai ƙarfi sai bakinta ya zabtare, ta rufta ciki. A cikin watannin nan ne ƙafar Baba ta kumbura har ya daina fita masallaci. Ya hana a gaya wa Inna. Ni kuwa da na je Lambara na gaya mata.

Ta bari sai da na gama cin abinci. Sannan ta ce, "Ka iya kwaɓa ƙasa?"

Na kwaɓa, na yi tubali, na toshe bakin lungun da ɗan gini daidai ƙirjina, tana tsaye tana nuna mini inda bai yi kauri ba. Da ya sha iska ta shafa shi da tafin hannu, ta yi addu'arta a ɓoye. Ta kulle ɗakinta da jeren a ciki, ta ba tsohuwar nan maƙwabciyarmu makulli, ta ce kwana kaɗan za ta yi. Ɗan ƙullin tufafi kawai ta ɗauka. Ba ta sake kwana a Lambara ba, amma ranar babu wanda ya san haka a cikinmu.

A mota ta yi ta amai, don ba ta saba ba. Muka isa Bodinga da la'asar. Baba na kwance a ɗakin da aka rufe da azarar zaurenmu, ya ɗora ƙafar a kan matashi. Ta yi sallama daga bakin ƙofa. Ya ɗago ya dube ta.

"Kin iso?"

"Na iso. Wa ad da aikin ɗaure ƙafar ga haka?"

Ta zauna ta fara kwance tsumman. Baba ya juya fuskarsa bango, sai na ga kafaɗunsa suna girgiza. Ban taɓa jin kukansa ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsa. Na daskare a tsaye riƙe da ƙullin kayanta.

Inna ba ta ɗago ba. "Kai, mi kaka kallo? Tafi ka ce ma matarka ta ɗora ruwan zafi."

Na ajiye ƙullin na fita.