Guntu Uku na Wasiƙar Babana

Jiya na'urar da ke haɗa ofishinmu na Mafara da Maradun ta mutu a Bakura, saƙonni suka tsaya cik. Sai na tuna malaminmu na kwamfuta, wanda ya cika shekara guda da rasuwa. Kullum cewa yake, kwamfuta hanya take fara sharewa, sannan ta yayyanka saƙo, gutsattsarin su bi ta a jere.

Ran da zai nuna mana haka, ya kama ni ina karanta takarda a ƙarƙashin tebur. Ya fizge, ya fitar da mu fili, ƙasa tana ƙamshin ruwan sama. Ya jera ɗalibai uku, ya raɗa musu suna Mafara, Bakura da Maradun. Ya yaga takardar gida bakwai.

Guntu uku suka wuce hannu da hannu har Maradun. Sai ya ce wa Bakura, "Kai ka mutu, sauke hannunka." Mafara ya saki sauran babu mai karɓa, suka faɗa taɓo, tawada ta narke.

Na ce, "Malam, wasiƙar babana ce, da azumi ya rasu."

Ya ce, "Madalla. Hanya ta yanke, mai aikowa kuma ba shi sakewa. Ku rubuta wanga, zai fito jarrabawa."

Ya kuwa fito, kuma da darasin nan nake cin abinci yau.

Allah ya gafarta masa, ya miƙa masa littafinsa a hannun dama, cikakke. Ni dai guntu uku gare ni, na ukun ya yage ne daidai inda babana ya fara yi mini addu'a.