Gara a Cikin Kwalba

A shekarun da maganin ƙwari ya fara yawa a ƙauyuka, ina aikin malamin gona a Birnin Kudu. Surukina yana Kwandiko, kuma a gefen gonarsa aka taɓa jibge gangunan maganin feshin auduga. Ɗaya ta yi yoyo ba wanda ya kula, har aka kwashe su. Da bazara zabinsa suka yi tono a wurin, kafin yamma rabinsu sun mutu.

Na iske shi ya ɓare irin gyaɗa, ga hadari yana haɗuwa a gabas.

Na ce, "Baba, a dakata da shuka wajen nan tukuna."

Ya ce, "Malam, abin da ya zube tun bara? Rana ta dake shi, ruwa ya wanke shi."

Ni ma ban tabbata ba. Ɗakin gwaji yana can birni, kafin amsa ta dawo damina ta yi nisa. Sai na tuna wata dabara da aka nuna mana a makaranta. Na haƙa da dagi, na ɗebi ƙasar sama daban, ta ƙasa-ƙasa daban, sannan ta ƙarshen gona inda magani bai kai ba. Na zuba kowacce a kwalbarta, na yayyafa ruwa, muka fasa shuri na saka gara, na ɗaure bakin da ƙyalle.

Muka zauna gindin ɗorawa, maƙwabta sun kewaye mu. Hankalina yana kan matata da 'yarmu, don sun ci gyaɗar gonar nan.

Bayan azahar garar kwalbar farko ta birkice, ta daina motsi. Ta biyu ta yi laushi. Ta ƙarshen gona kuwa sai kai-kawo take.

Surukina ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Har ƙasa ya sauka ke nan."

"Ya sauka, Baba. Gyaɗar da aka kai mana, daga ina aka tuge ta?"

Ya ce bara ganguna sun tare wajen, bai shuka komai ba. Na yi hamdala, ashe ba daga wajen aka tuge ta ba.

Kafin ruwa ya sauko mun kewaye wurin da ƙaya. Duk bazara nakan je da kwalabe in sake gwadawa. Damina da yawa ta wuce kafin gara ta rayu a ƙasar nan, kuma ko a lokacin rama kawai ya yarda ya shuka, ta igiya.