Garba Tela, Mai Tare Mana Iska

Duk wanda ya taɓa jerawa da Garba Tela a titin Gummi ya san da abin da zan fara. Kafin ku yi nisa da ƙofar gida zai tsaya, ya lashi ɗan yatsa, ya ɗaga shi sama, ya lumshe ido kamar mai sauraron kiran salla daga wata unguwa. Sai ya ce, "Iska daga gabas taka tahowa. Shiga bayana." Ko masallaci za ku, ko kasuwa, ko gaisuwar mara lafiya, shi ne gaba, kai ne baya. In ka ce masa ai da ƙafa kuke tafiya, sai ya ce iska ba ruwanta da wannan.

Mijin yayata Hajo ne, saboda haka ina da ikon tsokanarsa, kuma ban taɓa barin ikon nan ya yi tsatsa ba. Amma gaskiya ɗaya ce: ba don wannan "shiga bayana" tasa ba, da wuya in kai yau da ƙafafuna biyu. Zan zo wurin, ku bar ni in fara yin dariyata.

Wata ranar Sallah muka fito da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, za mu Idi. Kowa ya san suruki ba ya wuce gaban uban matarsa, a baya yake rakuɓewa da kai a ƙasa. Garba ya lashi yatsa, ya ɗaga, sai ga shi tsulum a gaban tsoho, ya buɗe kafaɗu, babbar riga tana kaɗawa. Baba ya ja ya tsaya.

"Garba, lahiya? Ni kaka wuce ma gaba?"

"Baba, iska nika tare maka."

"Tun ba a haihe ka ba iskag ga taka bugu na, ba ta kashe ni ba. Koma inda Allah ya aje ka!"

Ya koma baya, amma a karkace, ta ɓangaren da iskar ke fitowa. Haka ya raka Baba har filin Idi yana tafiya a gicciye, mu kuma muna danne dariya don kada tsoho ya haɗa da mu.

Ciwon keke ya kama shi ne ranar da ya tafi Sakkwato sayen yadi, ya dawo babu yadi, sai wani keken gwanjo ɗaure a saman mota. Keken tsere ne, irin na Turawa. Taya siririya, sirdi kamar wuƙa, ƙaho ya lanƙwashe ƙasa kamar na ragon layya, shi ya sa ma ya raɗa masa suna Rago. Babu kariyar ɗaukar kaya a baya, babu ƙararrawa. Yaya Hajo ta zagaya shi sau ɗaya, ta riƙe haɓa.

"Malam, ina aka aza buhu?"

"Ba a aza mai komi."

"In za mu asibiti, ina za ni zama?"

"Ba a zama."

"To mi shika yi?"

"Gudu!"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Wa ka bin ka?"

Kayan tseren kuwa shi ya ɗinka abinsa, tela guda ba zai sayi ɗinkin wani ba. Wandon 'yan tsere gajere ne matsattse, ya ce shi ba zai nuna wa Gummi cinyarsa ba, sai ya yi nasa har ƙasan gwiwa. Ya ji ana sa musu soso a mazaunai saboda sirdi, kwana biyu sai ga Yaya tana salati a ɗaka: an yanke mata kusurwar katifa, yanka mai kyau, na almakashin gwani. Ya ce mata ai wurin ba mai kwanciya a kai. Rigar kuma ya yi mata aljihu a baya, wurin ƙugu, kamar yadda ya gani. Ranar da aka aike shi cefane ya cusa tumatir a ciki ya hau Rago, ya iso gida da miya a gadon baya.

Wanda bai taɓa yafe masa ba shi ne wanzamin unguwarmu. Garba ya ji cewa 'yan tsere suna aske gashin ƙafa, ya je ya zauna a tabarma, ya naɗe wando, ya miƙa ƙwauri. Wanzami ya ninke askarsa ya mayar cikin zabira.

"Tela, kai nika askewa, da gemu. Wagga sai ka kai ma mahwauta su babbake maka."

Da damina, in ƙwallon Turai ta tafi hutu, akwai wani babban tseren keke da ake nunawa daga Faransa. Garba ne kaɗai ɗan kallonsa a duk garin. Zai lallaɓi mai gidan kallo ya tayar masa da janareta, ya zauna a benci shi ɗaya tun azahar har la'asar. Wata rana da na zo gari ya ja ni na raka shi. Na ga mutane tuli suna ta tuƙa keke, babu raga, babu gola, na ce masa barci nake ji. Na nuna wani mai rawayar riga da kyamara ke ta bi, na ce ko shi ne gwanin.

"Bar wanga," in ji shi. "Dubi wancan da yak koma baya wajen mota."

Na ga wani ramamme yana cusa gorunan ruwa a cikin riga har ya yi doro, sannan ya sake kutsawa gaba yana rarraba wa 'yan'uwansa. Garba ya ce kowace ƙungiya gwaninta ɗaya ne. Sauran aikinsu su ɗebo masa ruwa, su shiga gabansa iska ta ƙare a ƙirjinsu, shi kuma ya laɓe a baya ya adana ƙarfinsa. In na gaba ya gaji, sai ya kaɗa gwiwar hannu, alamar wani ya zo ya karɓe shi.

"Shi mai ruwan ya taɓa cin tsere?"

"Bai taɓa ba."

"To mi shika samu?"

"Sule, kai manomi na, amma ba ka da zurhi. Wancan shi na namiji cikinsu dut."

Na yi masa dariya har na ƙware. Ban san da ni yake ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu Zugu, na bar gero a tsaye a gona, shanun huɗata kuma an kore su ina ji ina gani. Matata da yara suka tafi wurin iyayenta a Bukkuyum, ni na tare a shagon ƙofar gidan Yaya. Na zauna, zama irin na wanda ya gama da duniya. Ba na fita, ba na magana, ƙarar babur kaɗai tana sa ni zabura. Jinina ya hau, likita ya gaya wa Yaya a gabana cewa in ban tashi na riƙa motsa jiki ba, ɓarin jikina zai shanye. Na ji shi sarai, ban damu ba. Mutane suna ta shigowa suna cewa sai haƙuri, har kalmar ta daina shiga kunnena.

Garba bai taɓa ce mini haƙuri ba. Wata safiya ya shigo da tef ɗin awo a wuya, ya ce in miƙe. Ya auna ni daga cinya zuwa diddige.

"Ba ni son wando," na ce.

"Wa yac ce maka wando?"

Ashe tsayin sirdi yake aunawa. Ya bi masu gyaran keke tun daga Gummi har Anka, nan ƙaho, can taya, ya harhaɗa wani keken da kowane sashensa da launinsa. Ya ce sunanta Tunkiya. Ya sa baduku ya yi wa feda maɗauri na fata, wai 'yan tsere a ɗaure ƙafarsu take. Na ce ba zan hau ba. Ya jingine ta a bakin shagona, daidai inda sai na tsallake ta in zan yi alwala, ya tafi abinsa. Kunya ce ta hau da ni, ba sha'awa ba.

Fitarmu ta farko, mun iso bakin tasha, Garba ya tsaya, ni ma na taka birki. Na manta ƙafafuna a ɗaure suke. Wayyo! Ban faɗi da sauri ba ma balle a ce haɗari ne. A hankali na kishingiɗa, ni da Tunkiya, a gaban mai ƙosai da duk masu jiran mota. Tsohuwar ta saki matsami tana salati. Garba ya leƙo ni daga sama, ko hannu bai miƙo ba.

"Madalla! Dut waɗanda kag gani cikin talabijin sun yi wagga hwaɗuwa. Yanzu ka zama ɗan tsere."

Ina kwance a ƙasa dariya ta ƙwace mini, irin mai fitar da hawaye. Rabona da dariya tun Zugu.

Daga nan muka riƙa fita hanyar Ɗaki Takwas. Ba ma tashi sai rana ta ɗaga, motoci sun fara wucewa, mun ji lafiyar hanya. Duk da haka da mun bar gidajen gari sai idona ya koma daji, kowane kututture mutum ne a wurina, keken ya riƙa rawa a hannuna. Garba ya lura, bai ce komai a kan tsoro ba. Ya dai ce, "Kak ka dubi daji, kak ka dubi hanya. Tayata ta baya ɗai za ka duba. In da rami ni ka ganin shi." Haka na yi. Duniyata ta koma wannan baƙar taya da ke juyawa a gabana, da aljihun bayansa cike da dabino. A bayansa iska ba ta taɓa ni, sai in ji kamar ana ja na da igiya. Jinin ya sauka, barci ya dawo, har na karɓi aron gona a fadama na maido da iyalina.

Na sha tambayarsa yaushe zai kaɗa mini gwiwar hannu in shiga gaba. Kullum amsarsa ɗaya: "Ran da kaz zama mutum."

Bara ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ya rame har wandon tseren ya koma masa buje. Da ya ɗan ji sauƙi ya kafe sai ya hau Rago. Yaya ta yi faɗa, ta yi kuka, a ƙarshe ta ce mini, "Sule, bi shi, ka san halinai." A ƙofar gida ya lashi yatsa ya ɗaga. "Daga gabas. Shiga bayana."

Muka kama hanya a hankali. Ba mu yi nisa da gari ba na ga tayar da na saba kallo tana karkacewa, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Na buɗe baki zan ce mu juya, sai na ga gwiwar hannunsa ta dama ta kaɗa, sau ɗaya, kaɗan.

Na wuce gaba. Iskar ta doke ni a ƙirji kamar an turo mini ƙyaure. Wallahi sai ranar na san nauyinta, sai ranar na san abin da mutumin nan yake ɗauke mini kullum yana zuba surutu kamar ba komai. Na buɗe kafaɗu iya faɗina, ina tuƙi hawaye na zuba. Daga bayana na ji muryarsa.

"Kana karkata awa jakin da anka yi ma lodi gehe guda."

"In koma baya?"

"A'a. Zamna nan. Akwai daɗi wurin ga, ashe."

Ita ce fitarsa ta ƙarshe. Ranar da muka kai shi makwancinsa, na kama makara ta gaba, ɓangaren da iska ke bugowa. Mutane suna ta karɓar juna kamar yadda aka saba, wani ya dafa ni zai karɓe ni. Na ce masa ya bari, ban gaji ba.

Ya Allah, Garba bai taɓa cin tsere ba, mu ya yi ta tare wa iska. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka tare masa duk abin da ke gabansa. Mu kuma da muke tafe a baya, Ka sada mu da shi a inda babu gajiya. Amin.