Ranar da Na Sace Kekunan Masu Iyo

Kafin in zama abin da na zama, ni bakaniken keke ne a Kankia, kuma hannuna na da kyau. Halina ne ba kyau. Da satar ƙararrawa na fara, sai musanya sabon tub da tsoho, har na kai ga ɗauke keke sukutum.

Wata rana na ji a rediyo ana bayanin ƙungiyar ƙasa mai kula da wani wasa mai kashi uku: iyo, tseren keke, sannan gudu. Aka ce 'yan tsiraru suka kafa ta, yanzu tana da shugaba da sakatare da wakilai a jihohi. Na lura ba a ambaci kowa a ƙaramar hukuma ba, sai na naɗa kaina.

Na ɗinka riga, na zagaya Kusada da ƙauyukanta ina neman gwanaye. Magidanta suka taru a bakin wani tafki kusa da Kafinsoli, kowa da kekensa. Cikinsu har da Sale, manomin wake daga Dudunni, da keken da ya gada wurin mahaifinsa.

Na ce musu, "Iyo ne farko. Ku bar kekunan, zan zagaya da su can ƙetare."

Suna faɗawa ruwa na loda kekunan a a-kori-kura, na yi wajen Kankia. Ashe Sale ya waiwayo. Ya yi iyo ya dawo baya, ya ari keken wani mai wucewa, sarƙa ta tsinke, ya ƙarasa da ƙafa. Ya same ni mota ta kafe a rairayi. Ya damƙi wuyan rigata yana haki, ya ce, "Ranka shi daɗe wakili, na gama duk ukun. Ni na zo na ɗaya ko?"

Har alƙali sai da ya yi dariya, amma bai hana shi ɗaure ni ba. A gidan yari na yi nadama ta gaske.

Da na fito na nufi Dudunni neman gafara. Na iske mutanen da na yaudara sun ji daɗin wasan, sun kafa kulob, sun yi rajista ta hannun wakilin jiha na gaskiya. Sale ya ce, "Na yafe, Malam. Yo ba don ƙaryar taka ba, ina za mu san wanga wasa? Bakanike muka rasa."

Matasa, ku ji tsoron ƙaramar sata, don ni da ƙararrawa na fara. Shekarun da na ɓata ba su dawo ba. Abin da ya dawo shi ne wannan: ranar atisaye a bakin tafkin nan, Sale ya miƙo mini keken mahaifinsa ya ce in riƙe. Ya faɗa ruwa, bai ko waiwayo ba. Ina riƙe da keken ina dariya, hawaye na zuba.