Mashin Ɗin Da Ya Fi Na Sagiru

Wata rana, a wani ƙauye da ke bayan duwatsun Lere, wani bawan Allah ya kwashe masarar da ya noma ya sayar don ya sayi mashin.

Mu kira shi Ilu.

Ba gayu ne ya dame shi ba, ba kuma acaɓa zai yi ba. Saboda mahaifiyarsa ne.

Inna Hansai tana fama da ciwon suga, ga gwiwa da ta ƙi lanƙwasuwa. Duk bayan 'yan makonni sai an kai ta asibiti cikin gari an duba ta, an ba ta magani.

Da rani da sauƙi. Amma damina na sauka, hanyar ƙauyen nan sai addu'a: laka, kwazazzabai, duwatsu. Ɗan acaɓa in ya ji sunan ƙauyen sai ya kau da kai ya ce, "Allah ya kawo wani."

Bara haka ranar asibitinta ta wuce ba a kai ta ba, ƙafarta ta kumbura kamar tulu. Ilu ya rantse bana ba za a maimaita ba.

Irin mashin ɗin nan yake nema mai shiga daji ya kuma hau kwalta, mai tayoyi masu manyan haƙora. Na masu kuɗi kam ba a ma maganarsu. Guda biyu ne aljihunsa zai iya ɗauka.

Ɗaya baƙi ne, bai cika tsayi ba. Kujerarsa doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, ga kariyar ɗaura kaya a baya, ga wurin ɗora ƙafa mai faɗi. Ba ya shan mai sosai, kayan gyaransa kuma ko a kasuwar ƙauye za ka samu. Sai dai ba shi da kyan gani, wallahi ba shi da shi.

Ɗayan ja ne, dogo, mai siririyar kujera, salansarsa a sama. Ya fi gudu, ya fi ƙara, ya fi shan mai, ya fi tsada kaɗan. In ya wuce sai ka waiwaya.

Kai, Ilu ya yi bincike! Tun kaka yake abu ɗaya har bazara. Ya tambayi 'yan acaɓa, ya tambayi masu gyara, ya ƙarar da datarsa a kallon bidiyo. In ya ga irin mashin ɗin a kasuwa sai ya tsuguna yana leƙen ƙarƙashinsa, har mai shi ya fara tsarguwa.

Matarsa Lantana ta gaji. Ta ce, "Malam, ko lokacin da za ka aure ni ba ka yi wannan binciken ba."

A ƙarshe ya tsayar da magana: baƙin zai saya. Inna za ta iya zama a kai a karkace yadda ta saba, ta ɗora ƙafafunta. Shi kuma, da yake Allah bai ba shi tsayi ba, ƙafarsa za ta taka ƙasa sosai.

Magana ta ƙare, ko?

Ina fa!

Ana saura kwanaki kaɗan ya tafi Zariya ya ɗauko, sai ga Sagiru ya shigo gari da yamma a kan jan.

Sagiru ɗan kawunsa ne, kuma Ilu ya girme shi. Dogon saurayi ne mai fara'a, yana bin ƙauyuka yana haɗa wa mutane sola. Tun suna yara Ilu yake ganin kamar komai na Sagiru zuwa yake yi da sauƙi. Shi ya fara riƙe babbar waya. Shi ya fara rufin kwano. Yaron bai taɓa yi masa komai ba, kuma wannan ɗin ma haushi yake ba shi.

Majalisar gindin ɗorawa ta watse, kowa ya yi kan mashin. Ledar kamfani ma ba a cire ba, tana ta walƙiya. Wannan ya shafa tanki, wancan ya danna oda.

"Allah ya sa alheri!"

"Allah ya tsare hanya!"

"Kai, Sagiru, ka gama da garin nan!"

Ilu ma ya ce Allah ya sa alheri. Amma a fatar baki kawai.

Kun san al'ada, sabon mashin sai an ba 'yan'uwa ɗani. Sagiru ya zare makulli, ya tsallake kowa, ya miƙa wa Ilu da hannu biyu.

"Yaya Ilu, kai ne babba, kai za ka fara ɗanawa. Na ji ma kana neman irinsa."

Ilu ya harɗe hannu a ƙirji.

"Bar shi kawai. Na hau irinsa ba adadi."

Ƙarya yake yi. Bai taɓa ɗora ƙafa a kan jan ba. Kawai dai zuciyarsa ba za ta iya ɗaukar a ce ya hau mashin ɗin Sagiru, ya zagayo, ya sauka, ya mayar masa da makulli yana godiya a gaban mutane ba.

Ya koma gida, tuwo ya ƙi ciwuwa.

Ya riƙa hango kansa yana shigowa gari a kan baƙin nan mara kyan gani. Ya riƙa jin muryar 'yan majalisa a kunnensa: "To, ba laifi, shi ma yana tafiya." Ya hango an jera su biyu a ƙofar masallaci ranar Juma'a, na Sagiru yana kallon nasa daga sama.

Abin ya ci shi. Hassada ce tsagwaronta, kuma ya san ita ce, amma sai ya sa mata suna wai sake nazari.

Ranar da ya isa Zariya, shagon cike yake da kwalaye. Ga wanda bai sani ba, sabon mashin a kwali yake zuwa. Sai ka biya a fasa, a haɗa maka shi a gabanka. Da an haɗa an zuba mai, ya zama naka, babu mayarwa. Ko a ƙofar shagon ka juya ka sayar, sunansa na hannu.

Mai shago, wani Alhaji mai furfura, ya nuna masa kwalin baƙin da suka yi magana a waya.

Ilu ya tsaya. Ya dubi kwalin, ya dubi na jan da ke gefe. Sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Alhaji, akwai wanda ya fi na Sagiru?"

Alhaji ya sauke tabarau.

"Wane ne kuma Sagiru?"

Jama'a, da a nan Ilu ya farka, da ba ku karanta wannan rubutun ba.

Amma sai ya yi 'yar dariyar kunya ya ce, wato yana nufin wanda ya fi jan. Alhaji ɗan kasuwa ne, ba malamin wa'azi ba. Ya ce akwai sabon shigowa, kamfani ɗaya da jan, ya fi shi girman inji, ya fi shi tsayi, ruwan ɗorawa.

Ilu ya zazzage aljihu kaf, har abin da ya ware na mai da hular kwano.

Aka fasa kwali, aka haɗa.

Da ya hau, sai ya ji yatsun ƙafarsa ne kawai suke shafar ƙasa. Ya ce wa kansa, sabo ne, zan saba.

A kwalta mashin ya yi daɗi, ba ƙarya. Ya shigo gari bayan la'asar yana murɗa masa wuta, yara suna binsa da gudu. Majalisa ta watse kamar yadda ya yi mafarki.

"Tabɗi! Wannan ai ya taka na Sagiru!"

Maganar da ya saya da masarar shekara guda ke nan, kuma ya ji ta da kunnensa. Ya waiga yana neman fuskar Sagiru a cikin taron.

Aka ce ai Sagiru ya tafi aiki wajen Kauru, sai wani satin.

Bai ma gani ba.

Ba a jima ba ruwan farko ya sauka, ranar asibitin Inna ta zo.

Da safe ta shirya tsaf, ta yafa mayafinta, ta ɗaure katin asibiti a bakin zane. Ta fito tana dogara sanda, tana ta sa masa albarka.

Ta dubi mashin. Kujerar ta kai mata kusan ƙirji.

Lantana ta kifa turmi, ta kama ta ta taka. Inna ta yi bismillah ta nemi zama a karkace, amma kujerar siririya ce, ba wurin zama, ba wurin riƙewa. Ƙafarta mai ciwo ta sauka daidai kan salansa, Lantana ta yi maza ta janye ta.

Aka sake gwadawa. Wannan karon nauyinta na sauka, yatsun Ilu suka zame a laka. Mashin ya karkata, Inna ta yi salati ta rungumi katanga. Ba don Lantana ta tare ta ba, da labarin ya canza.



Inna ta gyara mayafi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Bari, Iliya. Bari haka nan. Zan taka zuwa bakin titi, in Allah ya sa na samu mota."

Bakin titin nan, mai lafiya ma sai ya yi gumi.

Ta kama hanya da sandarta. Ilu ya bi ta yana tura mashin, wai ko a kwalbatin bayan gari, inda akwai tudu, za ta yarda a sake gwadawa. Ya san ba za ta yarda ba. Shi ma bai yarda da ƙafarsa ba.

Hanyar kuwa dole ta gaban majalisa ta bi.

Ga tsohuwa a gaba tana jan ƙafa a cikin laka. Ga ɗanta a baya yana tura mashin ɗin da ya fi na kowa a garin.

Wani daga cikin 'yan majalisa ya ɗaga murya.

"A'a! Mai sabon mashin, lafiya? Mai ne ya ƙare?"



Inna ce ta tsaya. Ta dogara sandarta, ta yi murmushi, tana haki.

"Lafiya lau, 'ya'yan nan. Ni ce na ce ya bar ni in miƙe ƙafa. Likita ya ce in riƙa tafiya."

Ta juya ta ci gaba.

Ilu ya sunkuyar da kai a kan tanki, hawaye suna zuba. Shi ya jefa ta a laka, ita kuma tana rufa masa asiri.

Darasi:

Kafin ka sayi abu, ka tambayi kanka wa ka sayo wa. Ilu ya san amsar, ya yi wata da watanni yana tabbatar da ita, ya zubar da ita a yamma ɗaya saboda an yabi wani a gabansa.

Wanda kake takara da shi sau da yawa bai ma san kana yi ba, yana can yana harkarsa. Masu tafa maka kuma in sun gama za su koma inuwa su zauna. Wanda ya dogara da kai shi zai taka laka.

In ɗan'uwanka ya samu, ka ce Allah ya sa alheri har cikin zuciyarka. In ya miƙo maka makulli, ka karɓa ka ɗana, babu abin da zai ragu a jikinka.

Allah ya raba mu da hassada, ya ba iyayenmu lafiya.

In ka san wani da ya tara kuɗinsa yana shirin shiga kasuwa, tura masa wannan tun kafin a fasa kwali.