Ɓauren Baba da Ruwan Alwala

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, kuma sai bana na daina jin faɗuwar gaba in na sauka daga bas a Tsanyawa na nufi ƙauyenmu. Ba komai nake tsoro ba sai in shiga gida in tarar ɓauren da ya bari ya bushe.

Wani abokinsa ne ya kawo masa reshen daga Bici, irin ɓauren nan mai zaƙi. A wajenmu kowane taƙin ƙasa da mai shi, ga shi saiwar ɓaure ba ta san katangar maƙwabci ba. Don haka Baba ya raba tsohon durom biyu, ya cika rabi da ƙasa da takin awaki, ya dasa shi a ciki. Bai taɓa ɗaukar guga ya ba shi ruwa ba. A bakin durom ɗin yake alwala, abin da ya zuba daga butarsa shi ne rabon ɓauren.

Da ya rasu, kowa ya ga ai ga hanyar sama masa lada. Ni da ƙannena da matanmu, har masu zuwa ta'aziyya, duk muka koma alwala a wurin. Ganye ya fara rawaya, muka ce kewar mai shi yake yi, muka ƙara ruwa.

Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ita ta cusa yatsa a ƙasar ta shinshina.

"Shinkafa kuke nomawa?" in ji ta. "Yaya shi kaɗai yake shayar da shi. Ku nawa ne?"

Ta sa aka ƙara huda gindin durom ɗin, aka sauya ƙasa, aka yanke saiwoyin da suka ruɓe. Ta kuma yanke hukunci cewa mahaifiyarmu, Inna, ita kaɗai za ta riƙa alwala a wurin. Shekaru ɓauren ya yi yana jinya, yau ganye biyar, gobe uku. Ni kuwa kunya ta ishe ni, don ni ne babba, ni na fara, sauran suka bi.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zai ga gidan yau. An raba gonarsa, inda yake ɗaure awaki ya zama ɗakuna. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Mutum ne da ya san daidai gwargwadon komai, a magana da abinci da kyauta, kuma wannan ne gadon da muka fi jimawa ba mu karɓa ba.

Bana ɓauren ya yi 'ya'ya huɗu, karo na farko, abin da Baba bai gani ba. Inna ta rufe su da tsohon gidan sauro saboda tsuntsaye, ta jira na zo. Ta tsinko ɗaya ta sa min a hannu.

"Ci, ba ka kashe shi ba," ta ce. "Daga yau in ka shigo, ni za ka fara gaisarwa kafin ka leƙa durom."